Ba Zan Ɓoye Nasiru Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, jikanki Nasiru ya girma, har ya kusa kamo kafaɗata. Maganarsa dai tana nan 'yar kaɗan, kuma ƙarar acaɓa takan sa ya toshe kunnuwa. Likitoci sun ce galahanga ce.

Yanzu wasu masu bincike a asibiti suna ɗibar jinin yara irinsa da na iyayensu, suna duba ƙwayoyin halittar da ake gada ko za su gane tushen abin. Likitar da muka gani a can ba ta yi mini alkawarin magani ba. Ta ce mai yiwuwa ma ba a ga komai a namu ba, kuma ba mai laifi ake nema tsakanin uwa da uba ba. Ni da Baban Nasiru muka amince.

Sai Kawu Sule ya ji. Kin dai san ƙaninki! Ya zo har gidana a Tudun Wada yana huci. Wai autarki Bilki ta samu manemi a Gyallesu, danginsa sun fara binciken asali, kuma da zarar sun ji maganar gado, shi ke nan, za a ce a jininmu abin yake. Wai in janye daga binciken asibitin, in kai Nasiru ƙauyen Dutsen Abba wurin Gwaggonmu har a ɗaura aure.

In kai shi ina? Ɗan nawa ne za a naɗe kamar tsohuwar tabarma don baƙi na tafe?

Ina tuna yadda kike zaunar da shi a gefen ƙafarki duk ranar da ake taron suna, yana jera murafen kwalba, mata suna zunɗe. Kikan ce, "Wanda ya ƙi ganin Nasiru, ni ya ƙi gani."

Jiya mata biyu daga gidan manemin suka zo, wai gaisuwa. Na yi musu shimfiɗa a tsakar gida, daidai inda yake wasa. Na faɗa musu sunan lalurarsa da bakina, na ce ranar Litinin za mu je mu ba da jini. Ko ruwan da na kawo ba su shanye ba suka miƙe.

Bilki ta yi kuka, har yanzu ta ƙi ɗaga wayata. Wallahi abin ya yi mini ciwo, ni fa na goye ta. Amma in aka ɗaura auren a kan rufa-rufa, ranar da ta haifi irin Nasiru fa? Ita ma a ce ta kai nata wani gida?

Ina kewarki, Innata. Da kina nan, da na kwantar da kaina a cinyarki na yi kukan da na hana Kawu gani.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki. Allah ya huci zuciyar Bilki, ya ba ta mijin da zai sa hannu a kwano ɗaya da ɗana.

'Yarki har kullum,
Hadiza, Maman Nasiru