Wayar da Ka Ƙi Ɗaurawa

Zuwa ga aminina, Malam Garba bakanike,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa wanda ya riga mu, ina fatan kana cikin rahama. Ka san ban yi boko ba. Faɗa nake yi, 'yata Hauwa tana rubutawa, kuma na ce kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama muka san juna, ina yaron mota, kana koyon aiki a gareji. Kowa ya ruɗe a kan titi, kai kana zaune bisa taya kana yi mana dariya. Daga ranar ban ƙara kai mota wurin wani ba. Da na sayi motata Shuɗiya, kai ka fara leƙa cikinta kafin iyalina su gan ta.

Ka tafi da damina, Garba. Yanzu sanyi ya shigo, na farko da ba ka nan, kuma Shuɗiya ta ƙi tashi. Kwana tara ke nan. In na murɗa makulli sai ta yi ta gurnani kamar mai tari, ta yi shiru. Da hantsi, in rana ta dake ta, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Sani, babban ɗana, ya ce ta gama aiki. Ya yi magana da masu sayen ƙarfe, ranar Asabar za su zo su ja ta. Wai keke ya ishe ni zuwa masallaci da kasuwa. Na ce masa motar da hannunka ya taɓa kowane ƙusa nata ba za a auna ta a sikeli ba ina numfashi. Ya ce to, ta tashi da asuba sau ɗaya tak ya gani. A nan muka tsaya.

Sai na bi abin da nake jin kana faɗa: a fara da wuta, a bi da mai, a ƙare da iska. Na kankare kan batir har ya yi ƙyalli, na kai shi aka yi caji. Na cire fulogi huɗun na goge, biyu sun yi baƙi na canza su. Na duba tiyon fetur, mai yana zuwa. Duk da haka da safe sai gurnani.

Ka tuna yadda muke yi? Tun da mai ɗakinka ta rasu ka bar gareji, kowace safiyar sanyi, an idar da sallah, sai ga ka tun daga gidanka a Gwallaga har gidana a Wunti a ƙafa, da rawani naɗe har kunne. Ka ɗaga bonet, ka cusa hannu ciki, ka ce, “Direba, buga.” In ja cok, in murɗa makulli, ta tashi. Sai ka goge hannu a tsumma ka ce, “Ai ba ta san ka ba, ni ta sani.” Mu zauna a zaure mu sha koko da ƙosai, kana zagin tuƙina, ina zagin aikinka. Shekara goma sha ɗaya muna haka, ban taɓa zagayowa na ga abin da hannunka yake yi ba. Girman kai ne. Ina ganin direba wurinsa sitiyari.

Yau da la'asar na zagayo. Na bi wayar cok daga maɓallin da nake ja a ciki har zuwa kafireto, wurin da ya kamata ta rufe iska don mai ya yi yawa inji ya kama da sanyi. Garba, wayar ba ta ɗaure da komai. Ga bakinta nan an lanƙwashe, an naɗe da jar waya sau uku, an soke a gefe. Naɗinka ne. Ko cikin naɗi dubu zan gane shi, kai kaɗai kake juya ƙarshensa hagu.

Ashe shekarun nan iska nake ja. Kai ne kake danna ƙarfen da ke rufe iskar da yatsa. Aikin da ba zai ɗauke ka tsawon shan shayi ba, da ƙaramar sifana, ka ƙi yi.

Na fara jin haushi, wallahi. Har na ce a raina, tsohon nan ya mayar da ni wawa. Sai na zauna a kan benci, na tuna gidanka yadda ya yi shiru bayan rasuwar, na tuna ba ka taɓa cewa kaɗaici ya dame ka ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Da ka ɗaura wayar nan, da me za ka ce ya kawo ka Wunti da sanyin safiya? Ni kuma da na sani, da na kwance ta da kaina.

A gefen ƙarfen akwai wurin da yatsanka ya goge har ya yi santsi. Na ɗora nawa a kai. Ya yi daidai.

Hauwa ta ce in kira wani ya ɗaura a huta. Na ƙi. Ba zan warware naɗinka ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka makwancinka. Allah ya haɗa ka da mai ɗakinka a Aljanna, ya sa in na zo in same ka a kusa.

Gobe in Allah ya kai mu, da an sallame asuba zan aika a taso Sani daga gidansa a Yelwa. Zan ba shi makulli, abin da ban taɓa yi ba, ya zauna a sitiyari. Ni zan ɗaga bonet in tsaya inda kake tsayawa, in ce masa ya buga. Na sa a dama koko na mutum biyu. In ta tashi, ba zan gaya masa abin da na taɓa ba. Jibi ma sai ya dawo.

Naka har kullum,
Isa Direba, Wunti