Jakar da Ban Kwance Ba

Inna,

Ina gaishe ki da Baba da ƙannena. Yaya jikin naki?

Ban faɗa wa kowa ba, amma wata uku ke nan a gidan Gwaggo ban kwance jakata ba. Kwana biyu muka yi a hanya da muka taho ta jirgin sama, sai nake tsoron idan ciwonki ya tashi ba zan iso da wuri ba.

Jiya na daure na tambayi mijin Gwaggo ko dole sai an yi kwana biyu kafin a isa gida. Ya yi dariya ya ce, "'Yar Inna, jiran jirgi na biyu ne ya cinye lokacin. Na kai tsaye awa shida ne, bai kai tafiyar garin Kaka a mota ba."

Yau na jera kayana a kabad. Zan zauna in ƙarasa makaranta. Ki sa mini albarka.

'Yarki