Idon Dama na Inna

Adabka.

Zuwa ga Yaya Murtala,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Naja'atu da yara. Tun da aka katse layin waya ban ji muryar kowa nawa ba, shi ya sa na ba direban da ke kai hatsi Anka wagga takarda.

Yaya, idon Inna na dama shi ma yanar ido ta rufe shi. Ashe ta daɗe tana ɓoyewa, tana bin bango da hannu, ni kuma jego ya ɗauke mani hankali. Ran Talata da hantsi muka ji rurin babura daga yamma. Ka san abin da wannan ke nufi. Na suri jinjiri na faɗa cikin dawa, kowa ya yi ta kansa, ina tsammanin tana bayana. Allah ya sa wucewa suka yi. Da muka dawo na iske ta tsakar gida ta rungume rumbu, tana zagaya shi, ƙafarta duk ƙaya. Ta ce mani, "Na ji kowa na gudu, ni ban san inda ƙofa take ba."

Abin da ya fi tayar mani da hankali, mutumin nan mai sukar yanar ido da allura ya dawo, shi da ya yi mata na hagu bara waccan. Ka tuna ta gani na ɗan lokaci, sannan idon ya yi ja, ya kumbura, ya mutu murus. Yanzu yana ƙauyen da ke gabanmu, an ce mu zai yo in ya gama. Inna har ta ware akuyarta ta ɗaure mashi. Na yi kuka, na yi magiya, ta ce gara allura da a sake gudu a bar ta.

Ta ce kada in gaya ma "mutumin Anka". Ka san ta, ko sunanka ba ta taɓa kamawa ba, balle ta kai maka kuka. Ni dai na gaya maka. Ido ɗaya ya rage mata.

Ƙanwarka,
Zulai.

*

Gummi.

Zuwa ga ɗana Murtala,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da addu'ar Allah ya tsare ku da abin da ke cikin dajin nan. Ni ne kawunka Hammadu ke magana, mai ɗakina Rakiya ke rubutawa, in ka ga kuskure nata ne.

Takardarka ta iso, an karanta mini ita sau biyu. Ka ce kana jin nauyin tambayata zancen ido saboda halin da nake ciki. Haba Murtala! To wa za ka tambaya in ba makaho ba? Allurar nan ita ta zaunar da ni. Ina da shaguna ina awon gero aka kwantar da ni a zaure, mutum biyu suka danne mini kai. A cikin ƙungiyarmu ta masu lalurar gani, in muka zauna tufkar igiya ran Alhamis, ka tambayi kowa, kusan rabinmu hanyar da muka biyo ke nan. Kada ka bari a taɓa idon Hamsatu. Ƙanwata ce, na san taurin kanta, amma kada ka bari.

Ga abin da ke akwai. Mun daɗe muna bin wasu likitocin ido da roƙo, sun amsa za su zo nan Gummi su yi aikin yana kyauta, daga Litinin ta sama zuwa ƙarshen makon. Mu muke tattara mutane, mu muke ba su masauki da tuwo. Na sa an ajiye mata wuri. Ban yi maka alkawarin za ta gani ba, wannan na Allah ne, sai sun duba. In ma ba a dace ba, a nan akwai matan da za su koya mata tafiya da sanda da girki da jin hanya da ƙafa. Rakiya ta ce in gaya maka ni ma ba na ɓata a gida, sai in an kira ni aiki.

Mota ba ta bin hanyar da ke tsakaninsu da nan yanzu, sai babur. Ka san wannan, ka kuma san hanyar. Ba zan ce maka babu tsoro ba. Ku fito bayan rana ta ɗaga, kada ku yi yamma.

Allah ya kawo ku lafiya.

Kawunka,
Hammadu.

*

Anka.

Zulai,

Salamu alaikum. Ya jego, ya mai sunan Baba? Ina rubutu a tsaye, direba na jira.

Kawu ya samo hanya, za a yi aikin ido a Gummi. Na ari babur ɗin abokina Salim, na samu mai da ƙyar. Zan zo ran Asabar in ɗauki Inna da kaina. Naja'atu ta yi kuka ta gaji, ta ce hanyar nan aka tare maƙwabcinmu, har yau babu labarinsa. Ni ma ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma wa zan ba uwata ya ratsa dajin nan da ita?

Ki kwance akuyar nan ki kai ta gidan mijinki. In mai allura ya riga ni zuwa, ki ce Inna ba ta da lafiya, ki ce komai ma.

Yayanki,
Murtala.

*

Adabka.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. An samu matsala, ka karanta da kyau.

Na gaya ma Inna zancen Gummi, ta ce to, tunda yayanta ne ya kira. Da na ce kai za ka ɗauke ta, sai ta ja mayafi. Ta ce ita? Ta hau bayan ɗan fari, ta riƙe mashi ƙugu, a ratsa gari da ita ana kallo? Ta ce gara ta mutu a makance. Na ce Inna, ana ta rai kina ta kunya? Ta ce in rufe mata baki. Kai, tsohuwar nan za ta kashe ni!

Mai allura kuwa ya iso jiya, yana zauren mai gari. Na ga kayan aikinsa a cikin wani gwangwani. Ya aiko a tambayi Inna, na ce zazzaɓi take yi. Ƙaryar ba za ta daɗe ba, don da safe na iske ta tana laluben turken akuya.

Ga dabarar da na yi, Allah ya yafe mani. Na ce mata ka fasa, Kawu zai aiko ɗan kabu-kabu daga Gummi, wani bawan Allah da ba ya son magana. Ta yarda. Saboda haka in ka zo kada ka gaishe ta. Na san zai yi maka ciwo, ka durƙusa a zuciyarka. Ko tari kada ka yi, ta san tarinka. Ka kashe babur tun daga bakin rafi ka turo shi, don yanzu ko yaro ya ji ƙarar babur sai ya ruga. Kuma kada ka naɗe fuska da rawani, 'yan sa-kai za su ɗauka kai ɗan bindiga ne.

Ba ni barci, Yaya. In na rufe ido ina ganin ku kan hanya. Ka zo da wuri.

Zulai.

*

Gummi.

Zulai,

Salamu alaikum. Mun iso. Ki yi sujada, mun iso.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba. Bayan mun wuce gonakin ƙarshe babu kowa, ko mai kiwo. Ƙauyuka biyu muka ratsa, ƙofofi a buɗe, ba hayaƙi, ba kaza. A wani kwazazzabo na hangi ƙura a gaba. Na kashe babur, na kama hannunta muka shiga cikin sabara muka kwanta. Sun wuce ta ɗaya hanyar, ina jin muryoyinsu, ina jin dariyarsu. Ina so in ce Inna kada ki ji tsoro, ba dama. Ita ce ma ta laluba ta dafa mini kai, tana karanta Ayatul Kursiyyu a hankali har ƙarar ta ɓace.

Da muka koma hanya sai ta fara magana, wai da ɗan kabu-kabu take. Ta ce, "Yaro, ni ma ina da ɗa kamarka a Anka. Shi ma haka yake, ba ya da surutu. Yana ƙarami ƙyanda ta kama shi, na goya shi da ƙafa har Bukkuyum, ban bari kowa ya karɓe ni ba." Zulai, kin taɓa jin wannan? Ni ban taɓa ji ba. Hawaye suka hana ni ganin hanya, saura kaɗan in kayar da mu a yashi.

Mutanen Kawu sun tare mu kamar sun san mu. Wata makauniya, Fa'iza, ita ta kama hannun Inna ta zagaya da ita gidan, tana nuna mata randa da bayi da ƙofa, tana tsokanarta har ta yi dariya. Likita ya duba. Ya ce na hagu ya tafi, kada mu sa rai. Na dama za su gwada, amma yanar ta tsufa, ba su san abin da ke bayanta ba sai sun cire. An yi aikin yau da safe, an rufe idon da bandeji. Gobe za a buɗe.

Ina zaune a waje, har yanzu ban ce mata uffan ba. Ki yi addu'a.

Murtala.

*

Gummi.

Zulai,

Salamu alaikum. An buɗe.

Ina tsaye a gabanta, Rakiya na riƙe da kafaɗarta. Idon ya yi ta ruwa, tana ƙiftawa. Likita ya ɗaga hannu ya ce me take gani, ba ta kula shi ba. Ni ta kalla. Ta kalle ni tun daga hula har takalmi, a tsanake, yadda ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo. Sai ta ja mayafi ta kawar da kai gefe.

Kawu yana ta tambaya, "Ta gani? Ku gaya mini mana, ta gani?" Rakiya ta ce, "Ta gani, Malam, ga ta can tana kunya."

Da za a mai da ita masauki ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta juyo ba, ta ce wa Rakiya, "Ki gaya ma mai babur ɗin nan ya ci abinci. Tun a hanya na ji ya rame."

Ki gaida mai sunan Baba. Ki ce masa kakarsa na zuwa ta gan shi.

Yayanki,
Murtala.