Mai Hayaƙin Katongo

Siavonga

Zuwa ga Yaya Musonda,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Tunda ka daina ɗaukar wayata, na ba direban bas wannan takarda.

Ƙaninka Katongo bai yi sati a ƙasa ba ka zare makullin jif ɗinmu daga ƙusa, ka ce kayan dangi ne. Ka san da ita nake kai buhunan busasshen kifin kapenta kasuwar Lusaka. Ranar da muka je saye, Katongo mai fetur ya so, ƙaramin inji, marar ƙara. Ni na kafe a kan mai dizal, don ita ce ke hawan tsaunukan hanyarmu da kaya ba ta nishi. Har ya rasu yana tsokanata da "mai hayaƙi". Yanzu a bayan babbar mota nake bin kifina, rabi ya zama gari kafin mu isa. 'Yarmu Lubuto ta koma gida daga makaranta, ba kuɗin biya. Ka dubi Allah.

Matar ƙaninka,
Miyanda

Lusaka

Maman Lubuto,

Bayan gaisuwa. Maganar mota an rufe ta, dattawa sun yanke. Mace da jif a kasuwar kifi, ai zubar mana da mutunci ne. Sai da aka wanke ta sau uku kafin ƙarni ya fita.

Abin da ya sa na rubuto, wata fitila ruwan ɗorawa tana kamawa a gaban sitiyari. Me marigayi yake yi mata?

Musonda

Siavonga

Yaya,

Ina gaisuwa. Gajiya ce, mun wahalar da ita. Ka lallaɓa ta. Daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa coci, a hankali. Kada ka kuskura ka kai ta babban titi, kada ka taka ta.

Miyanda

Siavonga

Choolwe ƙanwata,

Ya yara, ya zafin Choma? Zauna ki sha labari.

Azzalumin nan ya nemi shawarata, na kuwa ba shi har da gyara. Mai dizal tana da wata rariya a cikin salansa da ke tare baƙin hayaƙi. Ba ta wankuwa sai inji ya yi zafi a doguwar tafiya, shi ya sa ban taɓa ganin fitilar nan ba. Shi kuwa rarrafe yake da ita a cunkoson Lusaka, gilashi a ƙasa don a gan shi. Da mai fetur ɗin Katongo muka saya, da ya ci banza har abada.

Kin ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma ina taya shi da hannu ɗaya. Ban manta ba, Choolwe, ina zaune a tabarmar makoki na ji tashin injin a waje. Na tsani mutumin nan, ba zan ɓoye miki ba.

Yayarki,
Miyanda

Lusaka

Maman Lubuto,

Ina gaisuwa. Kun cuce ni da ruɓaɓɓiyar mota. Ranar kai kayan auren ɗana ni ke gaba, ta shaƙe a tsakiyar shataletale, mai keke yana wuce mu. Surukai na kallo aka tura ni da kwat a jikina. Bakanike ya ce inji ya gama yawo.

Na faɗa a gaban dattawa, ba ni ba ita, ba dangi ba ita. Ki zo ki kwashe tarkacenki, ta tare mini ƙofa.

Musonda

Siavonga

Yaya Musonda,

Gaisuwa mai yawa, da godiya ga dattawa da suka shaida.

Bakanikena ya kwance rariyar ya wanke kafin tuwon nshima ya nuna a kan wuta. Na taka ta daga garin Kafue har gida, fitila ta mutu. Lubuto ta koma aji.

Jiya da na kai kifi Lusaka na gan ka a tasha kana jiran bas. Na so in tsaya, sai na tuna ƙarni.

Ga ƙullin kapenta na iyali. A kujerar gaba ya zo.

Matar ƙaninka,
Miyanda