Katin Rigakafin Baba

Zuwa ga yayana, Hamma Mubashshir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Adda Sumayyat da yara, da sauran 'yan Mubi da ke can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan muna lafiya, sai zafi da ya hana kowa sakat. Mahaifiyarmu Dada tana nan da sauƙi, sukarin ya ɗan kwanta tun da muka raba ta da shayi mai zaƙi, hawan jinin kuwa yana nan yadda ka san shi. Goggo Hapsatu ta zo daga Sorau ta yi kwana uku, suka zauna suna tsara wanda za a kawo wa dabino da zamzam, alhali ko ranar tashin jirgi ba a sa ba.

Ka san rubuta wasiƙa ba ɗabi'ata ba ce. Na rubuta ne saboda a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Na saurari saƙon muryar da ka turo ranar Talata har sau uku. Ka ce kada a kuskura a yi wa Dada allurar rigakafin maniyyata, wai mai sukari da hawan jini ba ya ɗaukarta, in je wurin mutumin nan ya buga mata hatimi a kati kawai, kamar yadda aka yi wa Baba bara. Hamma, yadda ka faɗi sunan Baba hankali kwance, sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida.

Bari in gaya maka abin da ba ka gani ba, tunda ka iso an riga an kai shi makwanci. Ranar da aka kawo katin, Baba ya daɗe yana juya shi a hannu. Ya ce mini shi dai bai ji daɗin zuwa ɗakin Allah da takardar ƙarya a aljihu ba, amma ɗan da ya biya masa kujera ya ce haka za a yi, kuma yana jin nauyin ya musa maka. Kwana huɗu da dawowarsa zazzaɓi ya kwantar da shi, ga ciwon kai. A asibiti likita ya ji daga Makka yake, ya nemi katin, ni da hannuna na miƙa. Ya ga an rubuta an yi masa allurar sanƙarau, sai hankalinsa ya koma kan zazzaɓin cizon sauro da sukari. Kwana biyu ina zaune bakin gadon na san gaskiya, na yi shiru don kada in tona asirin yayana. Sai da wuyansa ya sanƙare na buɗe baki. Likitan bai yi mini faɗa ba, kallona kawai ya yi, kuma har yau kallon nan bai bar ni ba. Daga baya ya ce ba zai rantse allurar za ta tsare shi ba, rai na Allah ne, amma kwana biyun nan da an yi amfani da su.

Na san tsoro ne ya sa ka, ba mugunta ba. Ni ma ina tsoro. Amma kai tsoronka a waya ka samo shi, daga bakin mutanen da ba su taɓa ganin Baba ba. Ni na ɗauki nawa na kai wurin Sista Rut, maƙwabciyarmu mai aikin jinya, ita kuma ta haɗa mu da likita. Ya auna jinin Dada da sukarinta, ya sa na zazzage masa duk magungunanta a kan tebur. Ya ce masu irin ciwonta su ne cuta ta fi kayarwa a cikin cunkoso, don haka sun fi kowa buƙatar kariya. Bai ce kowace allura a danna mata ba. Akwai ɗaya da ya ce sai ya sake dubawa saboda shekarunta, in bai dace a yi ba zai rubuta hakan a fili ya sa hannu. Ashe akwai hanyar gaskiya, mu ne ba mu tambaya ba.

Kafin mu je wurin likitan na gaya wa Dada komai game da katin Baba, har da shirun da na yi. Wata goma tana zaton an yi masa allura. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce in miƙo mata mayafinta, ita ba za ta tsaya a Arfa tana roƙa wa mijinta gafara da irin takardar da ya tafi da ita ba. An yi mata allurar sanƙarau ranar Alhamis. Hannun ya yi tsami kwana biyu, ta ɗan ji kasala, jiya kuma ita ta dama mana kunun gyaɗa. Ta ce in gaya maka ta gode da kujera, Allah ya saka da alheri. Ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ban matsa mata ba.

Ka gaida Adda Sumayyat, da Abdulhakeem da Ummi. Kawu Sali na Kwaja da maigidana Rufa'i suna gaishe ka.

Za ka ga wani abu a cikin ambulan ɗin. Katin Baba ne, na same shi a jakarsa tare da carbinsa. Carbin na ba Dada. Katin kuwa na rasa wanda zan ba, sai na tuna kai ka sa aka yi shi. Ni na riƙe shi wata goma, yanzu kai ma ka riƙe.

Ƙanwarka,
Na'imatu