Bishiyoyin Kan Bangon Dam

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki? Ni dai lafiya lau, gwiwa ce kawai ke ta ƙorafi.

Jiya aka kafa sabon allo a bakin dam ɗinmu na ƙaramar hukuma. Wai an sauko da matsayinsa daga "mai kyau" zuwa "mai haɗari". Shekara da shekaru ina gadinsa. Ni ke buɗe wa masu lambu ruwa, nan motar kashe gobara ke cika, nan yara ke kamun kifi, ko akuya ruwan bai taɓa ci ba. Abin da ya fi ƙona min rai, an ce a sare bishiyoyin da marigayiya mahaifiyarki ta dasa a kan bangon. Har wani ya ce ke ce injiniyar da ta sa hannu. Ki rubuto ki ce min ƙarya ne.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Allah ya ba gwiwa sauƙi.

Ba ƙarya ba ne, ni ce. Da gangan na zo dubawa ranar da ka tafi asibiti, don ba zan iya haɗa ido da kai ba. Baba, bangon nan ƙasa ce aka danne. Saiwa tana ratsa shi, ruwa kuma yana bin saiwa. A bayansa, ƙarƙashin bishiyar tsakiya, na ga ruwa yana tsattsafowa, kuma da laka yake fita. Wato bangon yana zaizayewa ta ciki. Da can gonaki ne a ƙasan dam, yanzu gidaje ne, har da na Yaya da 'ya'yanta.

Ni ke riƙe wa Inna bokiti tana ba bishiyoyin ruwa, ban manta ba. Sai da na yi kuka a mota kafin in sa hannu.

Ka huta lafiya,
'yarka.

Auta,

Na amsa gaisuwa, ko da yake ba da daɗin rai ba.

Wurin nan na san shi. Na ɗauka inuwa ce ta hana shi bushewa. Mahaifiyarki ta dasa bishiyoyin ne don su riƙe ƙasar, yadda ake yi a bakin rafi, har shugaban ƙaramar hukuma na lokacin ya yaba mata. A ƙarƙashinsu nake zama in ba ta labarinku, masu lambu na cewa tsoho ya fara taɓuwa. Su ce. Yanzu duk karatun naki, ko guda ɗaya ba za a bar min ba?

Mahaifinki.

Baba,

Ina sake gaishe ka.

Ko ɗaya, Baba. Kuma sara kaɗai ba zai isa ba, don saiwa in ta ruɓe rami take bari. Za a rage ruwan, a tone saiwoyin, a cike da yumɓu, kafin damina. Ka yi fushi da ni yadda kake so, ina iya ɗauka. Ɗaya abin ne ba zan iya ɗauka ba, wato bangon ya ɓalle a kan gidajen nan.

Allah ya huci zuciyarka,
'yarka.

Auta,

Gaisuwa. An gama. Ban bar baƙo ya fara ba, ni na sa gatarin farko. Da aka tone ta tsakiya, hannuna ya shige ramin har kafaɗa, ruwa na gudu a ciki. Daga nan gidan yayarki na wuce, na zauna ina kallon yara suna cin abinci.

Kin yi daidai. Amma kada ki zo wannan watan. Ki bari sai na saba da ganin wurin.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki.