Mayafinki Mai Ƙunar Kasko

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba, ko da kina raye ma sai dai 'yar'uwata Rabi ta karanta miki kina gyara mata Hausa. Amma magana ta cika mini ciki, kuma ke kaɗai ce ba za ki ce na faye tsugudidi ba.

Gida lafiya. Baba ya koma kasuwar shanu, ya rame amma yana cin abinci. Rabi ta buɗe teburinki na turare a bakin masallacin Zongo, mata na saye, suna kuma gaya mata a fuska cewa haɗin nata bai kai naki ba. Ni kuwa ina nan ina fama da aikin jami'a, wanda kika raɗa wa suna rabon gadon hanci.

Kin tuna ranar da na yi miki bayani? Na ce a jikin kowa akwai ƙwayoyin gado ɗaruruwa masu sa hanci ya gane ƙanshi da wari, aikina shi ne in jera su dangi-dangi, wannan ɗan gidan wane ne, wancan ya yi kama da wane. Na ce da yawansu sun daina aiki tuntuni, amma ba a cire su daga cikin dangi. Kika yi dariya har kika sa gefen mayafi kina share hawaye, kika ce ashe a cikin hanci ma akwai 'yan zaman banza kamar ƙannen Baba.

Inna, ga abin da ban gaya wa kowa ba sai Rabi. Tun zazzaɓin da na yi bayan rasuwarki ba na jin ƙanshin komai. Rabi ta ƙona tuwo ina zaune a gefenta ban sani ba. Likita ya ce ba ƙwayoyin gadon ba ne, ciwon ne ya taɓa cikin hancin, zai iya dawowa, zai iya ƙin dawowa. Ya ce in riƙa shinshina kanumfari da ɓawon lemo kowace safiya. Ina yi, kamar mai shinshina dutse. Wai ni ce nake zama gaban ordinater, kwamfutar nan, ina raba wa ƙwayoyin ƙanshi gidaje. Wannan ba abin dariya ba ne?

Ranar Juma'a labari ya zo cewa yayarki Hajiya Lami za ta raba tufafinki a Djougou, kuma kin san ta, ba ta ba da sadakar tufa sai ta wanke ta goge. Na bar komai na shiga mota. Da na isa na tarar da zannuwanki a kan igiya suna ɗiga. Na ce mata ba na son leshi, ba na son atamfa, mayafin nan ruwan ƙasa nake so, mai ƙunar kasko a gefe. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce boko ya gama da ni, ga kaya masu tsada na zaɓi tsumma. Ta shiga ɗaki ta ɗauko shi a ninke, ta ce wankin bai kai kansa ba tukuna.

To amma ninkin ya yi kyau da yawa, Inna. Ke ba kya ninke mayafi, cusa shi kike yi ƙarƙashin matashi. Na kai shi hancina a gabanta, ban ji komai ba, na yi murmushin ƙarya na yi godiya.

Na kawo wa Rabi. Ta shinshina ta daɗe, ta ce eh, Inna ce. Amma ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Tausayina take ji? Ko da gaskiya ta faɗa ma, karatun nan ya hana ni sakewa, don na san hancin kowa da rabonsa, abin da yake aiki a nata wataƙila a nawa a kwance yake. Innar da take ji ba lallai ita ce tawa ba. Wa zai gaya mini ko sandal ɗinki da hayaƙin kasko da guminki suna nan?

Na sa shi cikin leda biyu, na rufe a kwallarki. Ina tsoron buɗewa kada abin da ya rage ya fita, ina tsoron barinsa kada ya gushe a rufe ban sani ba. Yau da safe kanumfari ya ɗan yi mini yaji can ciki. Ban sani ba ko ƙanshi ne, ko son zuciya.

Allah ya jiƙanki, ya sa kabarinki ya fi ɗakinki ƙanshi. Idan kina cikin mayafin nan, don Allah Inna ki ƙara haƙuri, kada ki sake tafiya kafin in iso.

'Yarki mai rabon gadon hanci,
Zuwaira